Hutu A Jirgin Ruwa: Abin Da Hoton Talla Ba Ya Faɗa Wa Mai Fasfon Nijeriya

Duk wanda ya bi diddigin kalmar "jirgi" zai ga yadda Bahaushe ya ɗauki tafiya. Jirgi na asali shi ne na fito, wanda ake sassaƙawa daga gungumen itace domin ƙetare kogi. Da layin dogo ya iso Kano a 1911 sai aka ce jirgin ƙasa, da na sama ya sauka a Kanon a 1925 aka ce jirgin sama, har ta kai ga mai sunan na ainihi sai an raɓa masa "ruwa" kafin a gane shi ake nufi. A duka ukun ma'anar ɗaya ce, wato abin da zai ɗauke ka daga nan ya kai ka can. To amma mutum ya shiga jirgi a Basalona, ya kwana bakwai a kan teku, ya sake sauka a Basalonar, ya kuma biya maƙudan kuɗi domin hakan, wannan kam harshenmu bai tanadar masa suna ba. Dole sai dai mu yi doguwar jimla mu ce yawon shaƙatawa a jirgin ruwa.

Sai ga shi abin da ba mu da sunansa ya fara shiga zancen 'yan bokonmu. Likitoci da lauyoyi da ma'aikatan banki da suka gaji da zuwa Dubai da Alƙahira sun fara tambaya, masu kamfanonin shirya tafiye-tafiye kuma suna ta aiko da hotunan wani farin jirgi mai kama da bene a bisa shuɗin ruwa. Da yake na taɓa yin irin wannan tafiya sau ɗaya a Bahar Rum, bayan wani taron masana harshe a Italiya, abokan aiki kan tare ni da tambayoyi. Na lura kusan kowa tambayarsa ɗaya ce: nawa ne? Wannan kuwa ita ce tambaya ta biyu. Ta farko ita ce: da wane fasfo?

Kafin in shiga wannan, ya kamata a ce teku ba baƙuwarmu ba ce kamar yadda ake zato. A 1855 Dorugu, yaron nan Bahaushe da ya bi Heinrich Barth, ya shiga jirgin ruwa daga Tarabulus zuwa Malta, daga nan zuwa Marseille, har ya dangana da Landan, kuma labarinsa da ya bayar da bakinsa yana cikin Magana Hausa da Schön ya buga a 1885. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya bi teku zuwa Ingila a 1921, ya wuce Makka. Dubban alhazanmu na ƙasa sun ƙetare Bahar Maliya daga Suwakin zuwa Jidda, haka kuma ɗalibai da ma'aikata sun yi ta bin jirgin Aureol tsakanin Ikko da Ingila har zuwa 1974. Amma dukkansu suna da inda suka dosa, jirgi hanya ce kawai a wurinsu. A tafiyar da muke magana a kai, jirgin shi ne masauki, shi ne kasuwa, shi ne gidan abinci, garuruwan da ake tsayawa kuwa leƙe ne.

Mu koma ga fasfo. Mu ɗauki zagayen da ya fi shahara a yammacin Bahar Rum: Basalona, Marseille, Genoa, Civitavecchia, Palermo, Valletta, a dawo Basalona. Ƙasashe huɗu ke nan, Sifaniya da Faransa da Italiya da Malta, dukkansu kuma suna cikin yarjejeniyar Shengen mai ƙasashe 29, saboda haka biza ɗaya ta wadatar. Sai dai wani jirgin a maimakon Malta yakan yada zango a Tunis, na gabashi kuma yakan taɓa Turkiyya ko Montenegro. Da zarar jirgi ya taɓa gaɓar da ba ta Shengen ba, to ka fita ke nan, washegari in ya dawo Italiya sabuwar shiga ce. Wanda ke riƙe da bizar shiga sau ɗaya ya riga ya ƙone ta tun ranar da ya sauka a filin jirgin sama. Abin da ya fi ciwo shi ne, ba a tsakiyar tafiya za a gaya maka ba. Tun a bakin tashar farko ma'aikacin kamfani zai duba fasfo ya ce ba za ka hau ba, kuma sharuɗɗan da ka amince da su lokacin biyan kuɗi sun ce neman biza alhakinka ne, ba a mayar da ko sisi. Kada mai karatu ya ce ai sai in yi zamana a cikin jirgi ranar da aka tsaya a waccan ƙasa. Sau da yawa wannan ba ya fisshe ka, domin shigar jirgin tashar ƙasa shigarka ce.

Wanda ya rubuta tallan da ke cewa "fasfo kawai kake buƙata" bai yi ƙarya ba, Bajamushe da Ba'amurke yake yi wa magana. Mu namu lissafin daban ne. Tun daga Yunin 2024 kuɗin bizar Shengen yuro 90 ne ga babba, ban da ladan kamfanin da ke karɓar takardu, kuma ko an ba ka ko an hana ka kuɗin sun tafi. A 2024 fiye da kashi 40 cikin 100 na buƙatun da aka shigar daga Nijeriya an yi watsi da su. Ana buƙatar inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, ana kuma neman bizar ne a ofishin jakadancin ƙasar da za ka fi daɗewa, in kwanakin sun zo daidai sai ƙasar da za ka fara shiga. Ga kuma wani ƙulli: ofishin jakadanci na son ganin shaidar ka kama wuri a jirgi, kamfanin jirgi kuma na son ka kammala biya wata biyu ko uku kafin tashi, daga nan kuma abin da za a mayar maka in ka fasa yana ta raguwa har ya ƙare. Tunda doka ta yarda a nemi biza wata shida kafin tafiya, hikima ita ce a ba da kafin alƙalami kawai, irin wanda ake iya karɓa, a nemi biza da wuri, a cika sauran bayan fasfo ya dawo. Masu sha'awar jiragen da ke tashi daga Miami zuwa tsibiran Karebiyan kuwa su san cewa a Yulin 2025 Amurka ta mayar da yawancin bizar ziyara ta 'yan Nijeriya ta shiga sau ɗaya mai wata uku, daga baya ma ta ƙara tsaurarawa, alhali wannan tafiya shiga biyu take buƙata.

Sai batun kuɗi. Farashin da ake bugawa da manyan lambobi na mutum ɗaya ne bisa sharaɗin mutum biyu za su kwana a ɗakin. Wanda ya tafi shi kaɗai yakan biya kusan ninki biyu. Farashin kuma na ɗakin ciki ne, wanda ba shi da taga ko ta leƙen rana, faɗinsa bai wuce shagon tela mai keke uku ba. A cikin kuɗin akwai kwana da abinci a manyan ɗakunan cin abinci da wasannin dare. Abin da ba ya ciki shi ne ke kayar da mutane. Akwai tukuicin ma'aikata da ake ɗora wa kowane fasinja kullum ba tare da an tambaye shi ba, kimanin yuro 12 a jiragen Turai, dala 16 zuwa 20 a na Amurka. Miji da mata a kwana bakwai sun tashi da yuro 168 ke nan tun ba su sayi komai ba. Lemo da ruwan gora na saye ne, kuma da ƙarin ladan hidima a kai. Intanet na saye ne. Motar da za ta zagaya da kai gari ta saye ce, hoton da aka ɗauke ka kana murmushi a bakin matakala shi ma haka. Ba a taɓa tsabar kuɗi a cikin jirgi. Kati ɗaya ake ba ka, shi ne mabuɗin ɗaki, shi ne shaidar fita da shiga, shi ne kuma littafin bashi, kuma an san cewa hannun da ba ya ƙirga kuɗi ba ya jin zafin fitarsu. Wanda albashinsa da naira ne, bayan abin da ya sami naira tun 2023, ya kamata ya riƙa duba lissafinsa a talabijin ɗin ɗaki kowane dare. Ya kuma tabbatar tun daga gida cewa katin bankinsa zai yi aiki a waje, ya san iyakar da banki ya yanka masa, domin kamfani na riƙe wani adadi a katin tun ranar farko. Wayar hannu kuwa a kashe mata layi da zarar an bar gaɓa, saboda a tsakiyar teku takan kama layin tauraron ɗan'adam na jirgin, wanda tsadarsa ta wuce hankali.

Girman waɗannan jirage sai wanda ya gani. Icon of the Seas da ya fara aiki a Janairun 2024 tsawonsa kimanin mita 365 ne, hawa 20, yana iya ɗaukar fasinja 7,600 da ma'aikata 2,350, wato ya ninka Titanic na 1912 kusan sau biyar a girma. Ko matsakaicin jirgi yakan ɗauki mutum 3,000 zuwa 4,000. Saboda haka wanda ya tafi neman shiru da kaɗaici ya shirya wa layi: layin hawa, layin abinci, layin lif, layin sauka. Wannan girma ne ya sa tun Agustan 2021 Italiya ta hana manyan jirage ratsa tsakiyar birnin Venice, don haka in talla ta ce Venice, a tambaya a wace tasha za a tsaya.

Abu na farko da za a sa ka yi bayan ka hau shi ne atisayen ceto, inda za a nuna maka wurin taruwarka da yadda ake sa rigar ruwa. Na ga waɗanda suka ɗauki abin wasa. A daren 13 ga Janairun 2012 jirgin Costa Concordia ya daki dutse a gaɓar tsibirin Giglio, sa'o'i kaɗan bayan ya bar wannan Civitavecchia da na ambata, mutum 32 suka rasu, kuma ɗaruruwan da suka hau a ranar ba a riga an yi musu atisayen ba. Kotu ta ɗaure kyaftin ɗin shekara 16. Bayan wannan ne aka wajabta yin atisayen kafin tashi ko nan take bayan an tashi. Minti ashirin ne, a ba shi haƙƙinsa, a kuma ƙirga ƙofofin da ke tsakanin ɗaki da matakala.

Uwargida kuma ta saurara da kyau a nan. Babu abin da masu jirgi ke tsoro kamar wuta, don haka turaren wuta da kaskonsa, har na lantarki, da dutsen guga da butar dafa shayi duk ana ƙwace su a wurin binciken kaya. Humra da turaren fesawa ba laifi. Kilishi da dambun nama da man shanu, waɗanda su ne guzurin Bahaushe tun zamanin fatake, Tarayyar Turai ta hana shiga da su daga waje, kamar sauran nama da kayan madara. Magani kuwa a bar shi cikin kwalinsa tare da takardar likita. A 2017 kotun Masar ta yanke wa wata 'yar Birtaniya hukuncin ɗaurin shekara uku saboda ƙwayoyin tramadol da aka samu a jakarta. Katin rigakafin shawara ya kasance tare da fasfo, kuma duk wanda ya shiga Tarayyar Turai da tsabar kuɗi yuro 10,000 ko fiye wajibi ne ya bayyana su.

Abinci yana da yawa har ya yi yawa, amma Musulmi zai yi ta tambaya. Naman halal sai an nema a rubuce makonni kafin tafiya, kuma ba kowane kamfani ke iya samarwa ba. Kifi da ƙwai da ganye da taliya suna fitar da mutum, muddin ya riƙa tambaya ko an dafa da giya ko an sa naman alade a miya, domin girkin Italiya da Faransa ba ya rabuwa da su. A riƙe ɗan yaji a jaka, za a gode mini. Ba a cika samun masallaci ba, ɗaki shi ne wurin salla, kuma buta sai dai gorar ruwa ta tsaya a madadinta. Alƙibla a yammacin Bahar Rum gabas ce maso kudu, saɓanin tamu ta gida mai karkata arewa, kuma tunda jirgi na juyawa, akwai tasha a talabijin ɗin ɗaki da ke nuna inda ya sa gaba. Hukuncin ƙasaru da na juyawar jirgi ana cikin salla fagen malamai ne, a tambaye su tun a gida. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Genoa sai bayan ƙarfe tara na dare. Sannan kada a ɓoye wa mai iyali gaskiya: akwai gidan caca da ke buɗewa da an fita teku, akwai mashaya a kusan kowane hawa, shigar da ake yi a bakin wurin ninƙaya kuma ba irin wadda muka saba ba ce. Babu mai tilasta maka komai, babu kuma mai kallon hijabin matarka sau biyu, amma hanyar zuwa cin abinci ta wajen take bi.

Ranakun tsayawa a gari su ne daɗin tafiyar, su ne kuma haɗarinta. Jirgi kan iso da safe ya tashi da yamma, kuma ana rufe ƙofa rabin sa'a kafin tashi. Agogon jirgi ake bi, ko da ya saɓa da na garin. Wannan al'ada tamu ta "ai za su jira" ba ta da gurbi a nan. In ba motar kamfanin ce ta makara da kai ba, jirgi zai ɗaga ya bar ka a tsaye da katin ɗaki a hannu, sai ka yi kuɗin mota ko na jirgin sama ka tare shi a gaba. In gaban wata ƙasa ce da ba ka da bizarta, to Allah ya kyauta. Talla takan ce "Rum", amma Civitavecchia na da nisan kimanin kilomita 80 daga birnin, zuwa da dawowa sun cinye sa'a uku, abin da ya rage bai isa ganin ko da Vatican kaɗai yadda ya kamata ba.

Duk da haka, a irin wannan leƙe ne na sami abin da ya fi burge ni a tafiyar baki ɗaya. A Valletta na tsaya gaban wani allo mai ɗauke da ranakun buɗe ofis, sai na ga ina karantawa ba tare da tafinta ba: It-Tnejn, It-Tlieta, L-Erbgħa, Il-Ħamis, Il-Ġimgħa, Is-Sibt, Il-Ħadd. Litinin, Talata, Laraba, Alhamis, Juma'a, Asabar, Lahadi. Harshen Malta ya samo asali ne daga Larabcin da aka yi a Sisili, ana rubuta shi da baƙaƙen boko, kuma shi kaɗai ne ɗan gidan su Larabci a cikin harsunan hukuma na Tarayyar Turai. Mutanen Kiristoci ne 'yan Katolika, amma Ubangiji a bakinsu Alla ne, azuminsu na kafin Ista kuma Randan suke ce masa. Mai sayar da kaya zai ce maka ħamsin ko sittin, ka miƙa masa kuɗi kamar a kasuwar Kurmi. Larabci ɗaya ne, wani reshensa ya ƙetare teku ya yi arewa, wani ya ƙetare Sahara ya zo mana. A Palermo kuma, wadda Musulmi suka mulka daga 831 zuwa 1072, a can ne al-Idrisi ya kammala littafinsa na labarin ƙasa a 1154, a fadar Sarki Roger na Biyu, inda ya ambaci Kanem da Gao. Mai jagorar 'yan yawon buɗe ido ba za ta tsaya kan wannan ba sai ka tambaya.

Akwai kuma abin da ba na iya tsallakewa. Daren da jirgi ke ratsawa tsakanin Sisili da Malta, ana kaɗe-kaɗe a sama, fitilu ko'ina, ruwan da ke ƙarƙashinka shi ne wanda yaranmu da suka bi ta Agadas da Libiya ke ƙoƙarin ƙetarewa a kwalekwalen roba. Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya ta ƙirga fiye da mutum 30,000 da suka mutu ko suka ɓace a Bahar Rum tun daga 2014. Wannan ne ma ya sa jami'in shige da fice ke daɗewa yana juya koren fasfonka fiye da na wanda ke gabanka a layi. A riƙe takardar aiki da tikitin komawa a hannu, a amsa abin da aka tambaya kawai.

Masu yi maka hidima su ma baƙi ne kamarka, galibi daga Filifin da Indiya da Indunusiya. Sukan yi wata shida zuwa tara ba ranar hutu ko ɗaya, kuma yarjejeniyar ƙwadagon ma'aikatan teku ta 2006 hutun sa'a 77 kawai ta wajabta musu a mako, wato ana iya sa su aikin sa'a 91. Shi ya sa ban goyi bayan masu zuwa ofis ranar ƙarshe su ce a cire musu tukuici ba. Da yawa daga 'yan Indunusiyan Musulmi ne, sallama ɗaya za ta sa su nuna maka abincin da za ka ci hankali kwance.

Ta fuskar lafiya, manyan jirage ba su cika tangaɗi a Bahar Rum lokacin zafi ba, amma mai saurin jiri ya nemi ɗaki a tsakiyar jirgi kuma a hawa na ƙasa, ya riƙe citta. Cutar amai da gudawa na yaɗuwa da sauri a cunkoso, wanke hannu da sabulu ne maganinta, kuma ba a manta da Diamond Princess ba, wanda aka killace a Yokohama a Fabrairun 2020 da mutum 3,711, fiye da 700 suka kamu da korona. Akwai likita a jirgi, amma na kuɗi ne mai tsada, don haka a tabbatar inshorar ta shafi jinya a teku da kwashe majinyaci. Yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar mai cikin da ya kai mako 24, ko jaririn da bai kai wata shida ba.

A nawa ganin, tafiyar ta dace da mai tsofaffin iyaye ko ƙananan yara, wanda ke son ganin ƙasashe huɗu ba tare da ɗaure kaya da kwancewa kullum ba. Wanda ke son sanin Italiya kuwa, ya ji yadda mutanenta ke magana da ciniki da faɗa, gara ya kashe kuɗin a mako guda cikin gari ɗaya.

Daren ƙarshe za a ce ka ajiye manyan jakunkuna a ƙofar ɗaki kafin ka kwanta, ba kuma za ka sake ganinsu ba sai a tasha, don haka a ware kayan sawa na safe da magani da fasfo a ƙaramar jaka. Da asuba lissafinka zai iso. In akwai abin da ba ka gane ba, a nan ake gyara shi, kafin ka taka matakala. Ana fitar da mutane rukuni-rukuni, abin yakan kai hantsi, saboda haka kada a sayi tikitin jirgin saman da zai tashi kafin azahar. Kwana ɗaya ko biyu bayan an sauka wasu kan ji ƙasa na lilo da su, har a kan sallaya. Yana wucewa da kansa.